Ayuba Sulaiman Jallo: Malamin da ya kuɓuta daga bauta ya tarar gida ya sauya

Daga cikin miliyoyin 'yan Afirka da fataken bayi suka tsallaka teku da su zuwa nahiyar Amurka, ƙalilan ne ƙwarai suka sake taka ƙasar haihuwarsu. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin ƙasar Bundu da ke gabashin Sanagal ta yau, yana cikin waɗannan 'yan kaɗan. An fi tunawa da shi saboda yadda ya fita daga gonar taba a Amurka har ya shiga fadar Ingila. Sai dai ɓangaren rayuwarsa da ya fi tsawo, wanda kuma ya fi cancantar a yi nazarinsa, shi ne abin da ya biyo bayan dawowarsa: kusan shekara 40 da ya yi yana sake zama ɗan gari a cikin mutanen da suka riga suka fid da tsammanin ganinsa.

Asalinsa da kama shi

An haifi Ayuba a wajajen 1701 a gidan malamai. Mahaifinsa Sulaiman limami ne mai faɗa a ji, kuma a gabansa ya yi karatu har ya haddace Alƙur'ani. Kafin ya cika shekara 30 yana da mata biyu da 'ya'ya huɗu, uku maza da mace ɗaya mai suna Fatima.

A farkon 1731 mahaifinsa ya aike shi bakin Kogin Gambiya ya sayar wa Turawan Ingila bayi biyu, ya kuma sayo takarda. Ciniki bai faɗa tsakaninsa da kyaftin ɗin jirgin, mai suna Pike, ba, don haka ya haye kogi ya musanya bayin da shanu. A hanyar komawa ya yada zango a gidan wani abokinsa, ya rataye makamansa don ya huta. Nan wasu Mandinkawa suka far masa tare da tafintansa Lamin, suka aske musu kai da gemu don su yi kama da ribatattun yaƙi, suka sayar da su ga kyaftin ɗin nan da Ayuba ya yi ciniki da shi kwanaki kaɗan da suka wuce. Ya aika gida a zo a fanshe shi, amma kafin 'yan saƙon mahaifinsa su iso jirgi ya ɗaga.

Wasiƙar da ta 'yanta shi

An sauke shi a Annapolis da ke Maryland, aka sayar da shi ga wani manomin taba a tsibirin Kent. Aikin gona ya fi ƙarfinsa, sai aka mayar da shi kiwon shanu, inda yakan keɓe cikin daji ya yi salla. Wulaƙancin da ya riƙa sha a wurin ibada ya sa ya gudu, aka kama shi aka tsare. A kurkuku ne wani lauya, Thomas Bluett, ya lura da fursunan da ke rubutu da Larabci, wanda kuma ya ƙi giyar da aka miƙa masa.

Bayan an mayar da shi wurin ubangidansa, Ayuba ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci. Wasiƙar ta bi ta Landan, ta faɗa hannun James Oglethorpe, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Royal African Company, wanda ya sa aka fassara ta, sannan ya ɗauki nauyin a kawo marubucinta Ingila. Ya isa can a watan Afrilun 1733, wasu masu hali suka tara kusan fam 60 suka fanshe shi.

A Ingila ya zauna fiye da shekara guda. Ya taimaka wa Hans Sloane, likitan da kayan da ya tara suka zama tushen gidan tarihi na British Museum, wajen fassara rubuce-rubucen Larabci. Ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka. Sarauniya Caroline ta ba shi agogon zinare, wani basarake mai sarautar Montagu ya ba shi kayan noma da na sana'a, jimillar kyaututtukan ta haura fam 500. Da mai zane William Hoare ya zo yin hotonsa, Ayuba ya nemi a zana shi cikin rawani da riga irin na ƙasarsu, da Alƙur'ani rataye a wuyansa, ba cikin tufafin Turawa ba. Tun yana can, hankalinsa na gida.

Labarin da ya tarye shi

Ranar 8 ga Agusta, 1734 ya sauka a sansanin Turawa na tsibirin James, wanda yanzu ake kira tsibirin Kunta Kinte. Jarrabawar farko ba ta jima ba. A garin Damasensa, yana tare da wakilin kamfanin, Francis Moore, sai ga wasu daga cikin mutanen da suka kama shi. Ya yunƙura zai far musu da takobi da bindiga, Moore ya lallashe shi. Ya danne zuciyarsa, ya zauna ya yi hira da su ba tare da sun gane shi ba, har ya ji daga bakinsu cewa sarkin da ya sayar da shi ya mutu, wata ƙaramar bindiga da ke cikin kayan da aka biya kuɗinsa da su ce ta tashi ta harbe shi. Ayuba ya yi godiya ga Allah, bai taɓa kowa ba.

Bai zarce Bundu kai tsaye ba. Ya tura ɗan aike, ya zauna jira a garin Joar. A waɗannan watanni yana salla tare da jama'a, yana ba da sadaka, yana kuma ba Fulanin yankin labarin abin da ya gani, domin da yawansu sun ɗauka duk wanda jirgin Turawa ya ɗauka kashe shi ake yi ko a cinye shi.

A farkon 1735 'yan aike suka dawo da labari mai nauyi. Mahaifinsa ya rasu, ko da yake sai da ya ji ɗansa na raye kafin ya cika. Yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar, garken shanun da aka san Bundu da su sun ƙare. Ɗaya daga cikin matansa kuma ta yi wani aure. Ayuba ya yi kuka mai tsanani saboda mahaifinsa. Game da matar kuwa, ya ce babu laifinta, babu kuma laifin wanda ya aure ta, tunda ƙasar da aka kai shi ba a taɓa ganin Bafulatanin da ya je ya dawo ba. Wannan hukunci nasa shi ne ginshiƙin zaman da ya yi daga baya. Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ayuba ya fahimci cewa shekara huɗun da shi ya ƙirga a matsayin jira, mutanensa sun ƙirga su ne a matsayin rayuwar da dole ta ci gaba.

Tsakanin 'yan uwa da baƙi

A cikin 1735 ya shiga Bundu tare da wani jami'in kamfanin, Thomas Hull. Rakiyar ba ta zumunci kaɗai ba ce. Turawan Ingila na fatan Ayuba ya buɗe musu hanyar cinikin ƙaro da zinare, wanda Faransawa suka kankane ta Kogin Sanagal. Ke nan ya dawo da fuska biyu: ɗan malamai da ya koma cikin danginsa, da kuma aminin wani kamfanin ƙetare mai neman riba.

Fuska ta biyun ta jawo masa tsada. A 1736 Faransawa suka tsare shi, suna kallonsa a matsayin ɗan koren Ingila, ya yi kusan shekara guda a hannunsu. Abin lura shi ne ba manyan Landan da suka yi masa kyaututtuka ne suka fitar da shi ba. Mutanen ƙasarsa ne suka matsa lamba har aka sake shi. Da ya dawo da girman kai ko da neman ramuwa, da wuya ya samu masu tsaya masa a ranar da agogon zinare bai yi masa rana ba.

Bai kuma manta da abokin wahalarsa ba. Ya yi ta roƙon abokansa na Ingila a nemo Lamin, wanda ya bari a Maryland, har aka fanshe shi da taimakon basaraken Montagu, ya dawo Gambiya a 1738.

Tabon da ke cikin tarihinsa

Akwai gefen da bai kamata a rufe ba. Ɗanɗana ɗacin bauta bai sa Ayuba ya juya wa cinikin bayi baya ba. Tun yana Joar ya sayar da wasu kyaututtukansa ya sayi baiwa ɗaya da dawaki biyu. Alfarmar da ya nema daga kamfanin ita ce duk Musulmin da ya faɗa hannunsu a ba shi damar fansar kansa, a kan a kawo wasu bayi biyu a madadinsa. Tsarin ya ceci wasu, amma da wuyan wasu. Komawa cikin jama'a yakan zo da komawa cikin al'adunsu, masu kyau da marasa kyau, kuma a nan Ayuba ya bi zamaninsa, bai gyara shi ba.

An rushe kamfanin Royal African Company a 1752, shi kuwa ya ci gaba da zamansa a Bundu har ya rasu a 1773, yana da shekara 72 ko kusa da haka. Wata ƙungiyar masana ta garin Spalding a Ingila, wadda ta ɗauke shi mamba tun yana can, ta rubuta rasuwarsa a kundinta. Littafin da Bluett ya wallafa a kansa a 1734 da na Moore na 1738 su ne suka adana labarinsa. Hoton da Hoare ya zana kuwa, hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta saye shi a 2009, aka kuma baje shi ga masu kallo a gidan hotuna na ƙasa da ke Landan.

Shekarun da ya yi a ƙetare ba su kai biyar ba, amma su duniya ta riƙe. Sauran 38 ɗin ya yi su ne a inda aka san sunan mahaifinsa, cikin mutanen da ya yafe wa don ya samu wurin zama a tsakaninsu.