Abraham Joshua Heschel: Malamin Yahudawa da ya tsaya wa baƙar fatar Amurka

An haifi Abraham Joshua Heschel a birnin Warsaw na ƙasar Poland ranar 11 ga Janairu, 1907, a gidan da ya gaji malantar addinin Yahudanci kaka da kakanni. Mahaifinsa ya rasu a 1916, ya bar shi yana yaro. Bayan karatun addini, ya tafi Jami'ar Berlin a Jamus, inda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan annabawan Bani Isra'ila.

A watan Oktoba na 1938 jami'an tsaron gwamnatin Nazi suka kama shi a Frankfurt, suka tasa ƙeyarsa zuwa Poland. Makonni shida kafin Jamus ta mamaye ƙasar a 1939 ya samu ya fice zuwa Landan, daga can kuma ya isa Amurka a 1940. Mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata uku da ya baro a gida duk sun rasa rayukansu a hannun 'yan Nazi. Ya koyar a Cincinnati, sannan ya koma babbar makarantar horar da malaman Yahudawa da ke New York.

Fahimtar da ya yi wa annabawa irin su Amos da Ishaya ita ce ta zame masa jagora. A littafinsa kan annabawa, wanda ya fito a 1962, ya bayyana cewa kukan wanda aka zalunta yana isa ga Ubangiji, kuma annabi shi ne mutumin da ba ya iya kawar da kai idan an danne maraya ko talaka. A ganinsa, wanda ya ga zalunci ya yi shiru yana da nasa kason alhakin. Shi da kansa ya ga abin da shirun maƙwabta ya jawo wa Yahudawan Turai.

A watan Janairu na 1963 ya haɗu da Martin Luther King a wani taro kan addini da launin fata a Chicago, inda ya ɗauki wariyar launin fata a matsayin saɓon Mahalicci. Ranar 21 ga Maris, 1965, yana sahun gaba tare da King lokacin da dubban mutane suka tashi daga Selma zuwa Montgomery a jihar Alabama, tafiyar kusan kilomita 87, suna neman a bai wa baƙar fata cikakken 'yancin kaɗa ƙuri'a. Makonni biyu kafin ranar, 'yan sanda sun yi wa masu irin wannan tattaki mummunan duka. Heschel ya ɗauki tafiyar a matsayin ibada. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe.

Ya kuma fito fili ya soki yaƙin Vietnam, lamarin da ya ɓata wa wasu shugabannin Yahudawan Amurka rai, amma bai janye ba. Da aka kashe King a watan Afrilu na 1968, Heschel yana cikin waɗanda suka yi magana a jana'izarsa.

Ya rasu a New York ranar 23 ga Disamba, 1972, yana da shekara 65.