FREDDIE MERCURY: ƊAN GUDUN HIJIRAR ZANZIBAR DA FAIFANSA YA CIKA GIDAJEN INGILA

A cikin dukan faya-fayan waƙa da aka taɓa sayarwa a Biritaniya, babu wanda ya yi kasuwa kamar faifan nan mai suna Greatest Hits na ƙungiyar makaɗan Queen, wanda aka fitar ran 26 ga Oktoba, 1981. Ya zuwa shekarar 2022, cinikinsa ya kai kwafi miliyan 7 a ƙasar kaɗai. Amma mai muryar da ke cikin faifan ba Bature ba ne, ba kuma a Ingila aka haife shi ba. A Afirka aka yanke masa cibiya, gudun hijira ne ya kai shi ƙasar Turawa.

An haifi marigayi Freddie Mercury ran 5 ga Satumba, 1946, a tsibirin Zanzibar, sa'ad da tsibirin yake ƙarƙashin kariyar Ingilishi. Sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Iyayensa 'yan ƙabilar Parsi ne, watau zuriyar mutanen Farisa da suka yi ƙaura zuwa Indiya shekaru aru-aru da suka wuce, suna riƙe da addinin da Larabawa ke kira Majusanci. Mahaifinsa akawun kuɗi ne a ma'aikatar Gwamnatin mulkin mallaka.

Yana da shekara takwas aka tura shi makarantar kwana ta St. Peter's a garin Panchgani, kusa da Bombai wanda yanzu ake kira Mumbai. A can ya ƙware da kaɗa fiyano, a can kuma abokan karatu suka laƙaba masa sunan Freddie. Ya koma Zanzibar a 1963, amma zaman bai daɗe ba. Ran 12 ga Janairu, 1964, wata ɗaya kacal bayan samun mulkin kai, aka yi juyin juya hali, aka tumɓuke Sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu ɗimbin yawa. Ganin haka sai iyalin Bulsara suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka nufi Ingila, suka zauna a unguwar Feltham a yammacin Landan.

Saurayin ya shiga kwalejin zane ta Ealing, ya fita da difloma a 1969. Kafin arziki ya zo, ya yi dakon kayan fasinja a filin jirgin sama na Heathrow, ya kuma sayar da gwanjo a kasuwar Kensington. A 1970 ya haɗa kai da Brian May mai kaɗa jita da Roger Taylor mai ganguna, shi ne ya raɗa wa ƙungiyar sunan Queen, sa'an nan ya ajiye sunan Bulsara ya ɗauki Mercury. John Deacon ya cika su huɗu a 1971, kuma faifansu na farko ya fito a 1973.

Waƙar da ta ɗaga su sama ita ce Bohemian Rhapsody ta 1975, wadda Mercury ya tsara. Tsawonta ya kusa minti shida, alhali gidajen rediyo sun saba da waƙar minti uku, har aka yi zaton ba za ta karɓu ba. Sai ga shi ta yi mako tara a jere tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a Biritaniya.

Bayan sun yi shekara goma tare, aka tsince waƙoƙinsu da suka fi shahara aka zuba a faifai guda, shi ne Greatest Hits. A bugun Biritaniya akwai waƙa 17. Mercury ne ya tsara 10 daga ciki, May ya tsara 5, Deacon kuma 2. Lord Snowdon, tsohon mijin Gimbiya Margaret ƙanwar Sarauniya Elizabeth, shi ne ya ɗauki hoton da ke bangon. An riƙa sauya jerin waƙoƙin daga ƙasa zuwa ƙasa, gwargwadon waɗanda suka fi karɓuwa a kowace. Biyu daga ciki, watau We Will Rock You ta May da We Are the Champions ta Mercury, sun zama taken filayen ƙwallo a duniya. A 2014 faifan ya zama na farko da ya kai kwafi miliyan 6 a Biritaniya, kuma ya yi fiye da mako 1,000 a jerin waɗanda suka fi ciniki.

Sai dai tsakanin Mercury da nahiyar da ta haife shi akwai tabon da ba ya gogewa. A Oktoban 1984 ƙungiyar ta je ta yi jerin wasanni a Sun City, cikin Bophuthatswana, ɗaya daga yankunan da Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙaƙen fata ta ba su 'yancin jeka-na-yi-ka. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi makaɗa da mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar, kuma wakilin Nijeriya, Manjo-Janar Joseph Garba, shi ne shugaban kwamitinta na musamman mai yaƙi da wariya. Sunan Queen ya shiga baƙin littafin Majalisar, ƙungiyar makaɗan Biritaniya kuma ta ci su tara. Hanzarin da suka kawo, cewa farare da baƙaƙe ne suka kalli wasan tare, bai gamsar da masu adawa da wariya ba.

Wata tara bayan haka, ran 13 ga Yuli, 1985, aka shirya gagarumin wasan Live Aid a filin Wembley domin tara gudunmawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. A gaban mutum 72,000, Mercury ya yi wasan minti ashirin da 'yan kai, taron na amsa masa kamar da baki ɗaya. Har yau masana kiɗan rok suna lissafa wannan wasa a sahun farko. Wasansa na ƙarshe tare da ƙungiyar a gaban jama'a shi ne na Knebworth, ran 9 ga Agusta, 1986.

Mercury mutum ne mai zurfin ciki. Bai cika zancen asalinsa ba, haka kuma bai yarda ya tattauna rayuwarsa ta sirri da hulɗarsa da maza a gaban 'yan jarida ba. Da cutar ƙanjamau ta kama shi, ya ɓoye ta shekara da shekaru, yana ci gaba da ɗaukar waƙa iyakar ƙarfinsa. An fitar da kashi na biyu na Greatest Hits a ƙarshen Oktoban 1991. Ran 23 ga Nuwamba ya ba da sanarwar ciwonsa, washegari rai ya yi halinsa a gidansa na Kensington, yana da shekara 45. Limaman addinin iyayensa ne suka yi masa jana'iza, aka ƙone gawar. A Afrilun 1992 sauran abokansa uku suka shirya wasan tunawa da shi a Wembley, aka kafa asusun yaƙi da ƙanjamau da kuɗin da aka tara.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mercury bai sake taka Zanzibar ba tun fitarsa a 1964, kuma mutanen tsibirin, wanda yanzu yake cikin Tanzaniya, ba su zama baki ɗaya a kansa ba. A 2006 wata ƙungiyar Musulmi ta yi tsayin daka har aka fasa bikin cikarsa shekara 60 da haihuwa, saboda irin rayuwar da ya yi. Amma a 2019 an buɗe ɗan gidan tarihi da sunansa a tsohon birnin Zanzibar, inda baƙi ke zuwa ganin hotunan yaron da ya bar ƙasar da sunan Farrokh Bulsara.