Dorugu da Wasulan Hausa a Kunnen Bature

A watan Disamba na 1852 ayarin Heinrich Barth ya sauka Gure, fadar Muniyoma Koso, a kan hanya daga Kukawa zuwa Zinder. Cikin yaran ayarin akwai Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, wanda aka haifa wajajen 1840. Yana ƙarami aka kama shi bawa aka kai shi Barno, inda Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu, sai ya bi Barth har Tambutu, daga bisani har Ingila a 1855.

Can ne ya zama malamin malamai. James Frederick Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa, tatsuniyoyi da labarin tafiye-tafiyensa, waɗanda suka ƙarfafa nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, suka kuma cika littafin Magana Hausa na 1885.

Abin lura ga ɗalibin ilimin harshe shi ne kunnen da ya saurare shi. Schön Bajamushe ne, a wurinsa a, e, i, o, u suna da sauti tsayayye, kusa da na Hausa. Baturen Ingila kuwa yakan lanƙwasa o ta koma tagwan wasali, shi ya sa Kano takan fito daga bakinsa kamar Kanou, kuma harafin a kaɗai yana da lafazi iri-iri gwargwadon karin harshen mai magana. Wannan matsala ce ke damun masu koyon Lojban a yau, harshen da aka ƙirƙira a 1987, wanda ke buƙatar kowane wasali ya tsaya a wuri guda.

Duk da haka kunnen Bajamushen ma bai kama komai ba. Barth ya rubuta sunan yaron Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu. Tsawon wasali, da karin sautin da ke raba fari na launi da fari na rashin ruwa, sai a ƙamusun Bargery na 1934 suka sami cikakkiyar kulawa.

Dorugu ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta, daga ƙarshe ya koyar da boko a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano. A nan ya rasu a 1912.