Yahaya, Sarkin Gwandu

Wanda ya taɓa kai mara lafiya Birnin Kebbi ya san asibitin da a ke kira da sunan Sir Yahaya. Da yawa cikinmu mun shiga ƙofarsa, amma ba mu san mai sunan ba. Ga labarinsa.

Yahaya ɗan Haliru ne, daga zuriyar Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu. Turawa suka naɗa Haliru Sarkin Gwandu a 1906, bayan tashin hankalin Satiru, sarauta kuwa ta zauna a Birnin Kebbi.

A kwanakin nan an san aikin kowa a gida. Maigida da 'ya'yansa maza suna gona, ko fadama wurin shinkafa. Mata suna daka, suna kaɗi, suna dama fura. 'Yan mata suna talla, kakanni suna reno. Yaro kuwa allo da safe, allo da dare a bakin wuta. Saboda haka da Turawa suka zo neman yara domin makarantar boko, abin ya yi wa iyaye nauyi ƙwarai. Ɗa guda hannu guda ne a gona, ga kuma tsoron kada yaro ya komo ya raina ubansa. Waɗansu manya har ɗan bara su kan tura a maimakon nasu. Haliru ya ba da ɗan cikinsa. A ganinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yahaya ya yi karatu, daga baya aka ba shi hakimcin Kalgo da sarautar Sarkin Gobir. Aikin hakimi a lokacin ba na zaman zaure kaɗai ba ne. Shi ke bin ƙauyuka a kan doki, ana ƙidayar magidanta domin haraji, da shanu domin jangali. Hakimin da ba ya iya karatu sai abin da malaminsa ya faɗa masa. Yahaya yana duba takarda da idonsa, wannan kuwa kāriya ce ga talaka.

Da ubansu ya rasu a 1915, ɗan'uwansa Basharu ya gaje shi. Bayansa Usman ya hau a 1918, ya yi shekara 20. Yahaya ya bi ɗan'uwansa dukan shekarun nan. Kowa ya san gidan sarauta, ya san ba kullum 'yan uba su ke iya haka ba.

Ya zama Sarki a 1938, ya riƙe ƙasar cikin wuyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gishiri da tufafi suka yi tsada. Sarautar Ingila ta girmama shi da lambar Sir. Ya rasu a 1954. Haruna ɗan Basharu, wanda shi ma ya yi Sarkin Gobir a Kalgo, ya gaje shi, ya yi sarauta har 1995.