Ferdinand Porsche: Gwanin Awon Ƙarfe Da Ya Kasa Auna Ubangidansa

Duk wanda ya yi wayo a cikin birnin Kano a shekarun 1970 da 1980 ba zai manta da motar Volkswagen ƙirar Bitil ba, wadda tun kafin ta karyo kwana ake shaida ta da ƙarar injinta. Ita ce motar malamin makaranta da akawu da ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ya samu rancen mota, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da kuma fara harhaɗa ta a Legas a 1975. Ƙanƙantarta ta ba ta damar kutsawa titunan cikin ganuwa da manyan motoci ke shakka, sannan ba ta da lagireto balle ta tafasa a zafin bazara, domin iska ce ke sanyaya injinta. Mutanenmu sun san motar ciki da waje, amma kaɗan ne suka san tarihin mutumin da ya jagoranci ƙera ta, alhali a rayuwarsa akwai darasi ga duk wani mai taƙama da ƙwarewa a aikinsa.

An haifi Ferdinand Porsche ranar 3 ga Satumba, 1875, a garin Maffersdorf na yankin Bohemiya, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Ostiriya, a yau kuma yake cikin ƙasar Cek. Mahaifinsa maƙerin farin ƙarfe ne, sana'ar da ba ta da nisa da ta masu ƙirar gwangwani a kasuwanninmu. Yaron kuwa hankalinsa ya tafi ga lantarki, don haka yana ɗan shekara 18 ya nufi birnin Biyana, ya kama aiki a wani kamfanin kayan lantarki, bayan an tashi kuma ya riƙa saɗaɗawa cikin azuzuwan jami'ar fasaha yana sauraren darasi ba tare da rajista ba. Bai taɓa samun digiri ta hanyar jarrabawa ba. Digirorin dakta da aka san shi da su na girmamawa ne, daga Biyana da kuma Stuttgart.

Hazaƙarsa ta bayyana da wuri. A 1900, a babban baje kolin birnin Faris, kamfanin Lohner ya nuna wata mota da ya tsara, wadda injinan lantarki ke cikin ƙafafunta. A 1906 ya zama shugaban masu zane a Austro-Daimler, a 1923 ya koma Daimler a Stuttgart, inda motar tseren da ya gyara ta lashe gasar Targa Florio ta Italiya a 1924. Mutum ne mai zafin rai da ba ya jimawa bai saɓa da iyayen gidansa ba. Ya ɗan yi aiki a Steyr, kamfanin da daga baya ya kafa masana'anta a Bauchi, kafin ya buɗe ofishinsa na kansa a Stuttgart a 1931. Burin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne ƙera ƙaramar mota da talaka zai iya saya, sai dai kamfanonin da ya yi wa aiki ba su ga riba a ciki ba.

Wanda ya ga amfanin abin shi ne Adolf Hitler. A watan Yunin 1934 aka ba Porsche kwangilar tsara motar jama'a, wadda farashinta ba zai kai mak 1,000 na kuɗin Jamus ba. Adalci ne a faɗi cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Franz Xaver Reimspiess ne ya zana injin, Erwin Komenda ya zana gangar jiki, kamannin motar da ƙirar kamfanin Tatra kuma ya jawo shari'ar da ta sa Volkswagen ya biya diyya a shekarun 1960. Abin da ba a jayayya a kai shi ne tsananin da Porsche ya gindaya wajen gwaji, domin a 1937 motocin gwaji 30 sun yi tafiyar da ta haura kilomita miliyan 2 kafin a amince da ƙirar.

Domin mai karatu ya fahimci irin awon da ake magana a kai, sai mu leƙa cikin injin. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, kowace da bawul biyu, ɗaya na shigar da fetur da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Kamshaf, wanda ke tsara lokacin buɗe su, yana can ƙasa a tsakiyar injin, nesa da su. Saboda haka sai aka sa wasu siraran sanduna takwas na alminiyam su zama 'yan aike: kamshaf ya tunkuɗa sanda, sanda ta tunkuɗa wani ɗan hannu mai lilo, shi kuma ya danna bawul. To, ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, injin da iska ke sanyayawa kuma ya fi na ruwa zafi, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin hannun da bawul ɗin. A ƙirar baya-baya tazarar milimita 0.15 ce, wato ba ta kai kaurin takarda biyu ba, kuma sai injin ya huce sarai ake saita ta. Wannan ne dalilin da ya sa makaniken da ya san aikinsa yake cewa a bar masa motar ta kwana. Idan tazarar ta matse, bawul ba zai zauna daidai ya sauke zafinsa ba, sai ya ƙone, galibi na silinda ta 3 wadda iska ba ta isarta sosai a tsohuwar ƙira. Idan kuma ta yi yawa, sai injin ya cika ƙara ya rasa ƙarfi.

A fagen tsere al'amarin ya fi haka tsanani. Tun a 1939 Porsche ya ƙera motar tsere ƙirar Type 64 a kan wannan injin domin gasar Balin zuwa Rum, wadda yaƙi ya hana. A farkon shekarun 1960 aka ƙirƙiro gasar Formula Vee da kayan Bitil, inda direbobi irin su Niki Lauda da Emerson Fittipaldi suka goge. Masu gyara waɗannan injina sukan kankare kan silinda domin ƙara matsi, ko su ƙara wa silindar tsawo, kuma da zarar an yi haka sandar kamfani ta daina yin daidai, hannun zai riƙa danna bawul a karkace yana cinye mazauninsa. Don haka sukan sayi sandunan baƙin ƙarfe da ba a yanke ba, su auna injin, sannan su yanke gwargwadon bukata. Da yake baƙin ƙarfe ba ya miƙewa kamar alminiyam, tazarar da suke bari kusan babu ce. Darasin a nan shi ne, babu wani ɓangare da ke zaman kansa, wanda ya taɓa ɗaya sai ya sake auna sauran.

Abin takaici, wannan ƙa'ida ce Porsche ya kasa aiki da ita a wajen injin. Ya ajiye takardar zama ɗan Cekoslobakiya ya zama Bajamushe a 1934, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, aka kuma ba shi muƙami a rundunar SS. Adolf Rosenberger, Bayahuden da suka kafa ofishin tare, an raba shi da hannun jarinsa a 1935, aka tsare shi, daga bisani ya yi hijira. A ranar 26 ga Mayu, 1938 aka aza harsashin masana'antar a inda yanzu ake kira Wolfsburg, Jamusawa kimanin 336,000 suka riƙa zuba mak 5 a kowane mako, amma ko ɗayansu bai karɓi mota a zamanin Hitler ba. Masana'antar ta koma ƙera kayan yaƙi, ciki har da motar soja ƙirar Kübelwagen, wadda rashin bukatar ruwa ya sa ta yi amfani a saharar Arewacin Afirka. Kimanin mutane 20,000 aka tilasta wa aikin bauta a wurin, da fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale, a lokacin da Porsche da surukinsa Anton Piëch ke cikin shugabannin kamfanin. Shi kuma yana can ya duƙufa a kan zanen tankokin yaƙi, har da wata mai nauyin tan 188 da ba ta tsinana komai ba.

A Disambar 1945 Faransawa suka kama shi, ya zauna a tsare har Agustan 1947, lokacin da ɗansa Ferry ya biya belinsa, daga baya kotun Faransa ta wanke shi daga tuhumar da aka yi masa a can. Ya fito da rauni, ya tarar wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya farfaɗo da masana'antar, ɗansa kuma ya kama hanyar ƙera Porsche 356. Ya rasu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75. Bayan wata biyar, 356 mai wannan injin na sanduna ta zo ta ɗaya a ajinta a tseren Le Mans. Bitil kuwa sai da aka ƙera guda 21,529,464 kafin a tsaya a Meziko a 2003.

A 1999 an zaɓe shi injiniyan mota na ƙarni, shekara uku bayan masanin tarihi Hans Mommsen ya wallafa binciken da ya fayyace aikin bautar da aka yi a masana'antar. Duka biyun gaskiya ne, kuma bai dace mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya ba. Masu kare shi sukan ce ba ɗan siyasa ba ne, aikinsa kawai ya sa a gaba. Wannan uzuri ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne na injiniyan da ya sa hannu a kan gadar da ya san an rage mata siminti, da akawun da ya daidaita lissafin da ya san na ƙarya ne, da malamin da ya ba da makin da ba a ci ba. Muna bukatar irin tsantsenin Porsche wajen awo, domin rashinsa na cikin abubuwan da suka durƙusar da masana'antunmu. Amma kafin ƙwararre ya ɗauki ma'auni, wajibi ne ya tambayi kansa wa zai yi wa aikin, kuma su wa za su ɗauki nauyinsa.