Sebald Beham, mai zanen da ya matse jarumtar Hercule cikin faɗin kwalin ashana

A watan Janairu na shekarar 1525, majalisar birnin Nuremberg a ƙasar Jamus ta gurfanar da wasu matasa uku masu zane: Sebald Beham, ƙanensa Barthel da abokinsu Georg Pencz. An zarge su da shakkar wasu ginshiƙan addinin Kirista da kuma raina ikon mahukunta. Lokacin bai dace da irin wannan magana ba, don manoma na tawaye a sassan Jamus. Aka kore su daga garin, aka laƙaba musu sunan masu zane marasa addini.

An haifi Sebald a Nuremberg a 1500, lokacin da Albrecht Dürer ke gaban kowa a wannan sana'a. Kafin ƙarshen 1525 an yarda ya koma gida, amma zaman bai ɗore ba. A 1528, shekarar da Dürer ya rasu, ya fitar da wani littafi kan ma'aunin jikin doki, aka ce daga rubutun marigayin ya kwaso. Ya sake barin garin. Wajen 1532 ya zauna a Frankfurt, har tambarin da yake sa wa aikinsa ya sauya daga HSP zuwa HSB.

Aikin nasa na haƙuri ne. Ana ƙarzar farantin jan ƙarfe da tsinken ƙarfe mai kaifi, layi bayan layi, a shafa tawada ta shiga cikin tsagar, a goge saman, sannan a danne da takarda mai laima a injin. Abin da ke dama a faranti hagu yake fita a takarda, don haka a juye ake sassaƙa komai, har haruffa. Ya bar irin waɗannan zanuka kusan 250, ban da ɗaruruwan da aka buga daga katako. Saboda ƙanƙantar aikinsu ake kiran shi da abokansa ƙananan gwanaye.

Tsakanin 1542 da 1548 ya sassaƙa hotuna 12 na Hercule, jarumin tatsuniyoyin Girkawa da Romawa. Kowane ɗaya bai wuce santimita 5 da 8 ba. A ciki ana ganin Hercule ya shaƙe zakin Nemeya, yana dukan macijiya mai kawuna da yawa, ya ɗaga ƙato Antaeus sama don ya raba shi da ƙasar da ke ba shi ƙarfi, daga ƙarshe kuma gawarsa na kan wuta. A ganina na Antaeus ya fi ƙarfi: jijiya, ƙugu, ƙafa a kafe, sai ka ce fagen kokowa, duk a wurin da tafin yaro zai rufe.

Ƙanƙantar tana da dalili na kasuwa. Takarda ƙarama ba ta da tsada, tana tafiya nesa, masu tara hotuna na manna ta a littafi, maƙeran azurfa da masu tukwane kuma su kwafi siffofin. Bayan rasuwar Barthel a 1540, Sebald ya sake sassaƙa wasu ayyukan ƙanen nasa ya sa musu tambarinsa, abin da ke tuna wa mutum zargin 1528.

Hoton fenti guda aka san ya rage daga hannunsa: saman tebur ɗauke da labarin Annabi Dauda, wanda ya yi wa Kadinal Albrecht na Brandenburg a 1534, kuma yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Beham ya rasu a Frankfurt a 1550.