Dokta G. V. Black: Ɗan Ƙauyen Da Ya Daidaita Cikon Haƙori

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori, aka rarake masa kogo aka cike shi da wani ƙarfe mai ruwan toka, to, ya ci moriyar aikin wani Ba'amurke mai suna Greene Vardiman Black, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Mutumin nan ya rasu tun cikin shekarar 1915, amma har yanzu ɗaliban aikin haƙori a ƙasashen duniya suna haddace rabe-raben kogon haƙori da ya tsara, kuma a Amurka ana kiransa uban aikin gyaran haƙori na zamani.

An haife shi ran 3 ga watan Agusta, 1836, a wata gona kusa da garin Winchester cikin Jihar Ilinoy. Mahaifinsa manomi ne, kuma kafinta. Yaron bai ɗauki makaranta da muhimmanci ba, zamansa a aji duka duka bai cika shekara biyu ba. Abin da ya fi so shi ne ya shiga daji da karensa da bindigarsa, ya yini yana kallon tsuntsaye da itatuwa. Da ya kai shekara 17 sai aka tura shi wurin wansa, Dokta Thomas Black, wanda yake aikin likita a garin Clayton, ya zauna yana karanta littattafansa yana kuma bin sa wurin majinyata. A 1857 ya haɗu da wani mai aikin haƙori, Dokta J. C. Speer, a garin Mount Sterling. Cikin 'yan watanni ya ƙare duk abin da Speer ya sani, domin a zamanin nan ilmin bai da yawa. A shekarar nan ya koma Winchester ya buɗe nasa wurin, yana ɗan shekara 21.

Sa'ad da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, ya shiga rundunar Arewa a 1862 yana aikin leƙen hanya, amma ya ji ciwo a gwiwa, ya yi watanni a asibiti, aka sallame shi. Matarsa ta fari ta rasu a 1863. Bayan wannan ne ya koma garin Jacksonville, ya sake aure a 1865, ya zauna can fiye da shekara 30.

Kafin a gane girman abin da ya yi, ya kamata mai karatu ya san halin da mai ciwon haƙori yake ciki a wancan lokaci. In haƙori ya ruɓe, mai kuɗi sai a cike masa da zinariya. Wannan kuwa ya bambanta da haƙorin Makka da muka sani, wanda ake sawa don ado. Zinariyar ana buga ta ne ta zama falle-falle, ta fi takarda rashin kauri, likita ya riƙa ɗaukar 'yan gutsattsari yana cusawa cikin kogon yana dannawa da 'yar guduma, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har sa'o'i. Ga tsadar zinariya, ga ladan aikin gwani, ga kuma azabar zama baki buɗe. Mai ƙaramin ƙarfi sai a cusa masa fallen kuza, wanda yake saurin cinyewa wajen tauna. Talaka kuwa maganinsa awartaki.

Akwai wani abu na uku, watau amalgam, kwaɓin garin azurfa da zaiba. Ana cusa shi da laushi kamar tuwo, ya daskare a cikin haƙorin, kuma ba shi da tsada. Sai dai ya shigo Amurka da ƙafar hagu. A 1833 waɗansu 'yan'uwa masu suna Crawcour suka zo birnin Niyok daga Turai, suna goge kuɗin azurfa suna kwaɓa garin da zaiba suna cusa wa mutane, ko ruɓar ba sa kwashewa. Suka tara kuɗi, suka bar jama'a da haƙora masu ciwo, waɗansu ma cikon ya kumbura ya tsaga su. Manyan likitoci suka fusata. A 1845 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta tilasta wa 'ya'yanta su sa hannu a takardar alkawari cewa ba za su taɓa amfani da amalgam ba, wanda ya ƙi a kore shi. Rigimar ta yi zafi har ana kiranta yaƙin amalgam, kuma tana cikin abubuwan da suka rusa ƙungiyar a 1856. Ba a rasa gaskiya a maganar masu zinariya ba, gama kwaɓin lokacin ba shi da tabbas. Amma ba a rasa kāre kasuwa a ciki ba, tun da abin da suke tsana shi ne kaɗai abin da manomi da lebura za su iya biya.

A cikin wannan hayaniya Black ya fara aiki, ya kuwa ƙware ƙwarai wajen cikon zinariya. Abin da ya raba shi da tsararrakinsa shi ne bai yarda da gardamar baki ba. Ya ware ɗaki a gidansa ya mai da shi wurin gwaje-gwaje, ya koya wa kansa ilmin haɗa sinadarai, ya koyi Jamusanci domin ya karanta binciken da masana suke yi kan ƙwayoyin cuta, ya sayi madubin ƙara girman abu yana yanka haƙora yana dubawa. Hannun kafinta da ya gada ya yi masa rana, domin in bai sami na'urar da yake bukata ba sai ya ƙera ta da kansa. Ya ƙera injin huda haƙori da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Daga 1870 ya fara koyarwa a kwalejin haƙori ta Missouri, daga baya a Shikago da Iowa, ga shi kuwa mutum ne da bai taɓa zama ɗalibi a jami'a ba, digirorin da ya samu daga baya na girmamawa ne.

Tambayar da ya sa a gaba mai sauƙin faɗi ce: me ya sa amalgam ɗin wani likita yake shekaru a baki, na wani kuwa yake faɗowa? Ya fara da auna ƙarfin cizo. Ya ƙera na'urar da mutum zai ciza, ya gwada mutane da yawa, ya tarar matsakaicin ƙarfin matauna ya kai kimanin kilo 77. Ke nan duk abin da za a sa a haƙori dole ya jure wa wannan nauyi kullum. Sa'an nan ya ƙera wani ma'auni mai gane motsin da ido ba ya gani, ya riƙa cusa kwaɓi iri iri cikin 'yan ramukan ƙarfe yana auna su bayan sun daskare. Ya ga cewa in azurfa ta yi yawa kwaɓin kumbura yake yi, in kuza ta yi yawa sai ya tsuke. Wanda ya tsuke yakan bar 'yar kafa tsakaninsa da haƙori, yawu da ƙwayoyin cuta su shiga, ruɓa ta sake tashi a ƙarƙashi. Wanda ya kumbura ainun kuwa yakan matsa wa haƙorin. Har ila yau ya gano wani abu da ya daɗe yana rikita mutane, watau garin ƙarfen da aka goge yau da wanda ya yi watanni a ajiye ba sa daskarewa iri ɗaya, ko da haɗinsu guda ne. Ya nuna cewa in aka dumama garin na wani lokaci ƙayyadadde, halinsa zai tsaya wuri ɗaya.

A 1895 da 1896 ya buga sakamakon a mujallar Dental Cosmos, kowa ya gani, bai mai da shi asirin kasuwanci ba. Haɗin da ya daidaita kusan kashi biyu cikin uku azurfa ne, kimanin rubu'i kuza, sauran kuma ɗan abin da ake ƙarawa don ƙarfi. Masana'antu suka bi wannan ma'auni, kuma shi ne tushen amalgam har zuwa shekarun 1960, lokacin da aka fito da mai yawan jan ƙarfe. Daga nan ne cikon haƙori ya zama abin da mai ƙaramin albashi zai iya nema, likita kuma ya yi shi ba tare da jin kunya ba. Miliyoyin haƙoran da da an cire su suka zauna a bakin masu su.

Bai tsaya kan ƙarfen kaɗai ba, ya koma kan ramin. Ya kasa kogon haƙori gida biyar bisa ga wurin da ruɓar ta kama, ko a saman matauni, ko a tsakanin haƙora, ko kusa da dasashi, daga baya waɗansu suka ƙara na shida. Ya kuma tsara yadda za a sassaƙa kowane iri. Dalili kuwa amalgam ba ya manne wa haƙori, siffar ramin ce take riƙe shi, kamar yadda kafinta yake haɗa katako ba ƙusa. Ya koyar da cewa a faɗaɗa ramin har bakinsa ya kai inda buroshi da tauna suke sharewa, don kada ruɓa ta dawo. Duk wannan yana cikin babban littafinsa mai juzu'i biyu na 1908. A nan ne 'yan baya suka saɓa masa, kuma suna da hujja, gama bin wannan ƙa'ida ya sa an sassaƙe lafiyayyen haƙori mai yawa, abin da aka sassaƙe kuwa ba ya tsirowa. Amma ya kamata a yi masa adalci: a zamaninsa babu man goge baki mai sinadarin fulorayid, babu kuma ciko mai mannewa.

Mai mannewar ya zo ne bayansa da daɗewa. A 1955 Michael Buonocore ya nuna yadda ake sa roba ta kama ɓawon haƙori, a farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya haɗa farin cikon da ya yi kama da haƙori, a farkon shekarun 1970 kuma aka fito da wani siminti na garin gilashi a Ingila. Farin cikon ya fi kyan gani, ba ya bukatar babban rami, amma ya fi amalgam tsada, yana cin lokaci, kuma in yawu ya taɓa shi wajen sawa aikin ya ɓaci. Simintin gilashin ana iya sa shi da kayan hannu ba lantarki, kamar yadda aka fara a Tanzaniya cikin shekarun 1980, sai dai bai kai amalgam jure wa tauna ba. Zaibar da aka yi rigima kanta a 1845 ita ce ta sake tasowa, wannan karo musamman saboda gurɓata ruwa da ƙasa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su rage amfani da amalgam, Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025 sai inda larura ta sa, kuma a ƙarshen shekarar 2025 ƙasashen yarjejeniyar suka amince a daina shi nan da 2034. Tsohuwar tambayar wanda zai biya bambancin kuɗin ta sake dawowa kan asibitocin ƙasashe matalauta.

Shi kansa Black an ruwaito cewa yakan gaya wa ɗalibansa wata rana aikinsu zai koma hana ruɓa maimakon gyaranta, kuma aikinsa na ƙarshe ya taɓa wannan hanya. Ya zama shugaban makarantar haƙori ta Jami'ar Northwestern a Shikago a 1897. A 1909, wani matashin likita mai suna Frederick McKay ya gayyace shi Colorado Springs don ya ga yaran garin da haƙoransu suke da dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa. Tsohon ya je, ya duba yaran da kansa, ya kwashi haƙora ya ci gaba da bincike. Su biyun suka lura da abin mamaki, watau haƙoran nan munana ba su cika ruɓewa ba.

Bai ga ƙarshen maganar ba. Ya rasu ran 31 ga watan Agusta, 1915, a gonar da ya yi ƙuruciya, yana da shekara 79. Rahotonsa da McKay ya fito a 1916. Sai a 1931 aka gano cewa fulorayid ɗin da yake cikin ruwan sha ne yake jawo dabbaren, a 1945 kuma birnin Grand Rapids ya fara zuba ɗan kaɗan daga cikinsa a ruwan famfo don kāre haƙoran yara. Ɗansa, Arthur Black, daga baya shi ma ya hau kujerar shugabancin makarantar, kuma a 1918 likitocin haƙori na Amurka suka kafa mutum-mutumin marigayin, yana zaune bisa kujera, a lambun Lincoln da yake birnin Shikago.